Mene ne ISOFIX, kuma me ya haɗa shi da kujerar yaro a mota?

Wanda ya sayi mota 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, idan ya duba kujerar baya da kyau, zai iya ganin wani ɗan maɓalli ko ɗan ƙyalle a daidai inda mazauni ya haɗu da majingina, an rubuta ISOFIX ko an zana yaro zaune. Da yawa ba su taɓa kula da shi ba, wasu ma mai ɗinkin rigar kujera ya riga ya rufe shi da leda. In ka cusa yatsa a wannan tsagar za ka taɓa ƙarfe biyu masu lanƙwasa, tsakaninsu santimita 28, an haɗe su da gangar jikin motar kanta. Su ne ISOFIX: maƙala da aka yi domin a sarƙafa kujerar yaro a jikin mota kai tsaye, ba tare da an ɗaure ta da bel ba.

Sunan ya fito ne daga ISO, hukumar duniya mai tsara ma'auni, wadda ta fitar da ƙa'idar a 1999. Kafin nan, a 1997, kamfanin Volkswagen da masu ƙera kujerun yara na Britax Römer sun fara saka shi a Golf 4. Ke nan tsohuwar Golf 3 da ta cika tashoshinmu ta riga shi zuwa duniya, kada a wahalar da kai ana lalube. A Amurka sunansa LATCH, kuma tun Satumban 2002 doka ta wajabta shi a ƙananan motoci sababbi, don haka Camry da Corolla da Sienna da ake shigo da su daga can, in dai ba su kai wannan tsufan ba, suna da shi.

Abin da ya sa aka ƙirƙiro shi shi ne ganin da aka yi cewa iyaye da yawa suna sayen kujera mai kyau, sai su ɗaure ta ba daidai ba. Bel ya bi ta inda bai kamata ba, ko ya yi sako-sako, kujera tana rawa. Da ISOFIX kuwa, kujerar tana da hannaye biyu a bayanta, ka tura su cikin ƙarafan nan ka ji sun ce ƙas, a yawancin kujeru alama ta koma kore. Saura maƙali na uku, wanda aka fi mantawa da shi: ko dai igiya ce da ke fitowa daga saman kujerar a maƙala ta a bayan majingina ko cikin but, ko kuma ƙafa ce da ke dogara a daɓen mota. Aikinsa hana kujerar kifawa gaba idan an yi karo.

To, me ya sa ma yaro yake buƙatar kujerarsa daban? Bel ɗin da muka sani, mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙera wa Volvo a 1959, kuma da jikin babban mutum aka auna shi. A jikin yaro ɗan shekara huɗu, na kafaɗa a wuya yake sauka, na ƙugu kuma a kan tumbi. Idan mota ta tsaya farat ɗaya, hanji da wuya ne za su ɗauki dukan da ya kamata ƙashi ya ɗauka.

Rungumar yaro a cinya ta fi wannan muni, ita ce kuma al'adarmu. Uwa tana gaba, jariri a hannunta, tana ganin babu inda ya fi nan tsaro. Karo a gudun kilomita 50 a awa, gudun cikin gari ke nan, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma. A wannan ƙiftawar ido yaro mai kilo 10 yana iya fizgar hannun mai riƙe da shi kamar nauyin buhun siminti biyar ko shida. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, komai sonta da ɗanta. In kuma aka zagaye uwa da ɗa da bel ɗaya, nauyin uwar ne zai danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari.

Jariri baya ake juya shi, yana fuskantar majinginar kujerar mota. Kansa babba ne idan aka kwatanta da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka a karon gaba ana so bayan kujerar ya tare kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai ta i-Size, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce aƙalla har wata 15. A Suwidin sukan kai shekara huɗu a haka, kuma ni a ganina su suka fi gaskiya. Irin wannan kujera ba a saka ta a gaba matuƙar jakar iska (airbag) tana aiki, domin in ta fashe kan yaron za ta daka.

ISOFIX ba shi ne magani duka ba. Kujerar da aka ɗaure da bel yadda ya kamata ita ma tana kare yaro, kuma wanda motarsa ba ta da ƙarafan nan wannan ce hanyarsa. Gwajin ɗaya ne: kama ta a gindi ka girgiza, kada ta motsa fiye da inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. Igiyoyin da ke riƙe yaron su ma su kama jiki har ka kasa tsunkule su a kafaɗa, a cire masa rigar sanyi mai kauri lokacin hunturu. A zafin bazara kuma a taɓa ƙarfen maɓallin kafin a zaunar da shi, yana ƙona fata.

Idan yaro ya girme kujerar, ba bel kai tsaye zai koma ba, akwai matashin da ke ɗaga shi har bel ya sauka a ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa. A Ingila doka ta ce sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Yawancin kujerun da ke kasuwanninmu na gwanjo ne, nan ne kuma ake buƙatar ido. A juya ta a nemi takardar shaida a jikinta, ruwan lemo ce a kujerun Turai, an rubuta lambar ƙa'idar tsaro, R44 ko R129. A duba ranar ƙira, domin roba tana gajiya da rana da shekaru. A duba tsagewa da igiyar da ta fara zarewa. Abin da ido ba ya gani shi ne ko an taɓa yin haɗari da ita, shi ya sa wadda aka karɓa daga hannun ɗan'uwa da aka san tarihin motarsa ta fi wadda aka kwance daga dila.