JSON a Musayar Bayanan Kasuwanci

JSON tsari ne na rubuta bayanai da haruffa zalla, yadda kwamfuta za ta karanta su cikin sauƙi, mutum ma in ya duba ya gane abin da ke ciki. Cikakken sunansa JavaScript Object Notation. Douglas Crockford, masanin manhaja ɗan Amurka, shi ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 2000. An fara rubuta ƙa'idarsa a RFC 4627 (takardar ƙa'idojin intanet) a 2006, hukumar Ecma ta amince da shi a 2013 da lamba ECMA-404, sannan RFC 8259 ta 2017 ta wajabta amfani da UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, wajen tura shi tsakanin na'urori. Kafin zuwansa kamfanoni sun fi dogara da wasu tsare-tsaren musayar bayanai, EDIFACT da XML, waɗanda har yau bankuna da kamfanonin jigilar kaya ba su rabu da su ba.

Abin da JSON ya sani bai taka kara ya karya ba: rubutu, lamba, true ko false (e ko a'a), null (babu komai), jerin abubuwa, da ƙunshin sunaye kowanne da abin da ke ƙarƙashinsa. Rasit na iya zuwa kamar haka:

{"lambar_rasit": "00417", "rana": "2024-03-05", "kudi": "USD", "jimla": 125050, "an_biya": false}

Wannan sauƙin ne ya sa ya karɓu, kuma daga nan matsalarsa take. JSON bai san kuɗi ba, bai san kwanan wata ba. Dole mai aikawa da mai karɓa su yi yarjejeniya kan ma'anar kowane suna tun kafin su fara hulɗa.

Kuɗi ya fi ba da wahala. Ƙa'idar ba ta ƙayyade girman lamba ba, amma manhajoji da yawa suna ajiye ta bisa tsarin lissafin kwamfuta na IEEE 754, inda 0.1 a tara da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Kuskuren ƙanƙani ne, sai dai akanta ba ya yarda da shi. Shi ya sa kamfanonin biyan kuɗi irin su Stripe ke rubuta adadi da mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin, wato 125050 na misalin sama dala 1,250 ne da santi 50. Wasu kuma sukan rubuta adadin a matsayin rubutu. Ko wace hanya aka bi, sai an haɗa da alamar kuɗin ta ƙa'idar ISO 4217, kamar USD na misalin sama, domin yen na Japan ba a raba shi, dinarin Kuwait kuwa kashi 1,000 ake raba shi, ba 100 ba.

Lambobin shaida ma haka. JSON bai yarda lamba ta fara da sifili kamar 00417 ba, don haka lambar rasit ko ta asusu rubutu ya kamata ta zama. Harshen rubuta manhaja na JavaScript kuma yana iya ɓata cikakkiyar lambar da ta haura 9007199254740991, abin da ya sa Twitter ya ƙara gurbin id_str a 2010 don kada lambobin saƙonni su jirkice.

Kwanan wata ana bin ISO 8601, shekara, wata, sannan rana. Dalili a fili yake: 03/05/2024 a Amurka 5 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Mayu.

Akwai inda ƙa'idar ta yi shiru. Idan suna ɗaya ya fito sau biyu a ƙunshi guda, wata manhajar ta ɗauki na ƙarshe, wata ta ƙi karanta shi ɗungurungum. Haka null da rashin gurbin baki ɗaya ba lallai ma'anarsu ta zo ɗaya ba: wani wurin null na nufin a goge adireshin abokin ciniki, rashinsa kuma na nufin a bar shi yadda yake. Kamfanoni kan rage irin wannan saɓani da JSON Schema, inda ake zayyana gurabun da suka zama tilas da nau'in kowanne, manhaja ta tantance saƙo kafin ya shiga littafin lissafi.