Laka a ƙarƙashin mota: tambayoyin da masu shiga daji ke yi da damina

Daga Yuli zuwa Satumba, duk Hilux ko Land Cruiser da ke bin hanyar burji da fadama tana dawowa gida da laka a ƙarƙashinta. Yawancin masu mota jiki da gilashi suke wankewa su bar ƙasan. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Tunda ba a ganin ƙasan mota, me zai sa a damu?

Saboda laka tana riƙe ruwa. Saman ta zai bushe, amma ɓangaren da ke manne da ƙarfe yana nan da danshi, kuma a nan tsatsa ke farawa. Shasin waɗannan motoci, wato ƙashin da ke ɗauke da bodi da inji, ƙarfe ne mai rami a ciki, an huda masa ƙananan ƙofofi don ruwa ya riƙa fita. Idan laka ta toshe su, ruwa ya kwanta a ciki, shasin zai riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje yana nan kamar lafiya lau.

Kuma laka iri-iri ce. Jar ƙasar burji tana da sauƙin fita. Baƙar lakar firgi ta yankin Dikwa da Marte da Ngala, inda ake noman masakwa, ita ce mai taurin kai: da danshi tana kama ƙarfe kamar danƙo, in ta bushe kuma sai an sa ƙarfi.

Yaushe ya kamata a wanke?

Ranar da aka dawo, ko washegari, tun tana ɗanya. Sai dai a bar motar ta huce tukuna. Ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi yana iya lanƙwasa shi.

To in ta riga ta bushe fa?

A jiƙa ta. A sa mesa a watsa ruwa a hankali ko'ina, a bari ya ratsa na kamar minti 20, a sake watsawa. Lakar da ta sha ruwa da kanta take zubowa gunduwa-gunduwa. Wadda ta ƙi, a tura ta da itace ko roba. Kada a sa sukundireba ko wani ƙarfe, domin yana kankare fentin da ke kare shasi, ya buɗe wa tsatsa ƙofa.

Ina ne lakar ta fi ɓuya?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yaran wajen wankin mota suka fi tsallakewa in ba ka tsaya a kansu ba. Ka nemi wurin da ke da rami ko gadar hawa, ka sunkuya ka duba da idonka.

Fara da cikin rim. Dunƙulen laka da ya bushe a gefe ɗaya yana ɓata balansin taya, sai ka ji sitiyari na rawa da zarar ka kai gudun kilomita 80 zuwa 100. Mutane da yawa sun kai mota wurin bakanike a kan wannan, alhali ruwa kawai take buƙata. Sai lagireto: laka kan shiga tsakanin siraran haƙoransa ta hana iska wucewa, inji ya riƙa zafi. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi, in da hali daga bayansa zuwa gaba, don a mayar da dattin ta inda ya shigo.

Akwai kuma saman farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji, da tsakanin ganyen sifirin na baya, da saman tankin mai. A Hilux, safayar taya tana rataye a ƙarƙashin bodi, kuma samanta ma'ajiyar laka ce. Sauke ta a wanke. Kewayen salansa ma a duba, musamman in an ratsa ciyawa, don busasshiyar ciyawa da ta cakuɗe da laka a jikin ƙarfe mai zafi tana iya kama wuta. A ƙarshe a zura mesa cikin ramukan shasi, a bar ruwa na gudu har sai ya fito fari.

Injin feshi mai ƙarfi ba ya ɓarna?

Yana yi in an matsa kusa. A tsaya nesa da kamar santimita 30, kuma kada a auna altaneta (na'urar cajin batir), mahaɗar wayoyi, robobin da ke rufe gaɓoɓin aksil (ƙarfen da ke juya tayoyi), ko wurin boris. Ruwa mai ƙarfi yana kutsawa ta bakin roba ya kori giris.

A fesa baƙin mai da gas bayan wanki, kamar yadda ake yi a gareji?

Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Gaskiya ne ƙarfe yana yin sheƙi, amma tsohon mai yana cin robobin ƙafa, yana kama ƙura ya zama wani kwaɓin, in kuma ya taɓa birki an shiga uku. Akwai man kare tsatsa da aka yi don wannan aiki. Shi ma sai ƙasan ya bushe sarai ake fesawa.

Me ya rage bayan wanki?

A ja motar a hankali ana ɗan taka birki har ya bushe ya dawo da kamunsa. Birkin baya na yawancin Hilux na ganga ne, laka kan shige ciki ta riƙa cin takalmin birki. In ana jin ƙara, a buɗe a share. A bi kan nonon giris (ƙofar ɗura giris) na farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, a ɗura sabo. In kuwa an tsallaka rafi har ruwa ya rufe aksil, a kwance a duba mansa, domin aksil mai zafi yana zuƙar ruwa ta mashaƙarsa idan ya huce farat ɗaya. Man da ya koma fari-fari ya sha ruwa, a canza shi kafin tafiya ta gaba.