Mene ne "salon Latin" a tsofaffin fayafayan fiyano?

Wanda ya ci karo da faifan garmaho na shekarun 1960, aka rubuta "Latin" a bangonsa kusa da jerin sunayen finafinai, kada ya sa ran jin waƙar Sifaniyanci, duk da cewa kiɗan ƙasashen Latin Amurka ake nufi. Yawanci babu muryar kowa a ciki. Karin waƙar fim ne da kowa ya sani, mai fiyano ya kaɗa shi yadda yake, sai aka cire kiɗan da ke ƙarƙashinsa aka shimfiɗa masa na Kyuba ko Brazil. Irin wannan faifai yana cikin rukunin da Amurkawa suka kira "easy listening", wato kiɗa mai sauƙin saurare, na falo da wurin cin abinci. Mujallar Billboard ta ware masa jadawali da wannan suna a 1961, lokacin da Ferrante da Teicher, masu fiyano biyu, suke tashe da kiɗan finafinai.

Kiɗan ƙasan yakan zama ɗaya daga cikin uku. Akwai ca-ca-ca, wanda Enrique Jorrín ya fito da shi a Kyuba a farkon shekarun 1950, za ka gane shi da karzar gora mai tsaga-tsaga da bugun ƙararrawa. Akwai bolero mai tafiyar hawainiya. Sai bosa noba ta Brazil, ta ƙarshen shekarun 1950, wadda jita ke ja a hankali.

Ginshiƙin na Kyuba shi ne kilabe: sanduna biyu gajeru da ake bugawa sau biyar cikin gaɓa biyu (gaɓa ita ce zagaye ɗaya na ƙirgen bugun kiɗa), uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. In mai tsara kiɗan ya juya shi baibai da karin waƙar, kunne zai ji ana ja-in-ja ko bai san dalili ba.

Babban aikin yana wajen lissafi. Salon nan duk bugu huɗu-huɗu ne, amma waƙoƙin fim da yawa bugu uku-uku ne, kamar Moon River ta Henry Mancini. Dole a ja wani sauti a tsawaita shi don cike bugu na huɗu. Gwani yakan ja inda mawaƙi zai numfasa. Ragon mai tsari kuwa ko'ina yake ja, waƙar ta riƙa ɗingishi. Wasu ma caki kawai suka yayyafa a kan kiɗan da, suka ce Latin ne.

Ga mai saye: faifan inci 12 ne, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, fuska ɗaya kan ɗauki waƙa kamar shida. Duba ramin tsakiya. In ya kauce ko kaɗan, dogon sautin fiyano zai riƙa lilo, kuma babu gogewar da ke gyara wannan. In an rubuta sitiriyo, wato sauti mai fitowa ta hagu da dama, kada ka ɗora masa tsohon kan allura na mono, mai sauti ta hanya ɗaya, domin ba ya lanƙwasawa sama da ƙasa, zai cinye layukan faifan.