Kafin a ɗebi yara zuwa Kufena

Malamai da iyaye, ga lokacin kai ɗalibai yawon buɗe ido ya zagayo, mu kuma da ke aiki a asibitin unguwa mun san abin da kan biyo baya. Bara an kawo mana wata 'yar aji biyar da ta yanke jiki ta faɗi a gindin dutsen Kufena da ke Zariya. Har an fara maganar iska. Ashe tun tuwon dare ba ta sa komai a bakinta ba, ɗoki ya hana ta karyawa.

Saboda haka makaranta ta ɗauki nauyin karin kumallo, kada a bar wa gida. Koko da ƙosai sun wadatar, ko kunun gyaɗa da burodi, ko shayi da dafaffen ƙwai. A ci da zafinsa kafin mota ta tashi, bayan kowa ya wanke hannu da sabulu. Yaron da kan yi amai a mota a rage masa maiƙo, a zaunar da shi gaba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shinkafar da aka dafa da asuba, aka danna a kula, sai azahar a buɗe. Dafaffen abinci in ya huce, kada ya wuce awa 2 ba a ci ba. Gara burodi da ayaba da gyaɗa. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa. Malami kuma ya riƙe haɗin gishiri da sukari saboda gudawa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

A fara da Kufena tun rana ba ta yi ba, musamman a Maris da Afrilu. Daga nan a shiga birni ta Ƙofar Doka, yara su ga ragowar ganuwa da Fadar Zazzau da wurin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, a bar ta sai rana ta take, a Samaru inda take akwai inuwa. Amma don Allah kada kowa ya tsoma ƙafa a dam, ta nan ake kwaso tsargiya.

Iyaye, in ɗanku na da sikila ko asma ko farfaɗiya, ku gaya wa malami tun ana gobe, ku damƙa masa maganin hannu da hannu. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, kuma kada a matsa masa sai ya hau dutse.