VELUX: Kamfanin Tagogin Rufi

VELUX kamfani ne na ƙasar Danmak da ke ƙera tagogin da ake kafawa a jikin rufin gida domin haske da iska su shigo ta sama. Hedikwatarsa tana garin Hørsholm, arewa da Kopenhagen. Yana da ma'aikata fiye da 10,000, kuma yana sayar da kayansa a ƙasashe sama da 30.

Asali

Injiniya Villum Kann Rasmussen (1909–1993), haifaffen tsibirin Mandø, shi ya kafa kamfanin a 1941, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da Danmak. Da farko rufin gilashi yake yi. Yaƙi ya sa kayan gini sun yi wuya, sabon gini ya gagari mutane, ga shi kuma gidajen Turai masu rufi mai tsini suna da fili babba a ƙarƙashin rufin, wanda duhu ya hana a zauna a ciki sai dai a jibge tarkace. A 1942 Rasmussen ya ƙera taga ta katako da gilashi wadda ke kwanciya daidai da gangaren rufi, aka fara sa ta a wata makaranta a garin Slagelse. A shekarar ne kuma aka yi wa sunan VELUX rajista.

Huda rufi ba wuya. Wuyar ita ce a huda shi kuma ruwa bai shiga ba, kamar yadda duk kafintan da ya taɓa bin yoyon kwano da damina zai shaida. Nan ne gwanintar kamfanin take: tagar tana zuwa da falankin ƙarfe da ke zagaye ta, yana karɓar ruwan sama yana zubar da shi kan rufin. Daga baya aka ƙara hinji a tsakiyar firam, yadda tagar za ta juya gaba ɗaya mutum ya goge bayan gilashin yana tsaye cikin ɗaki.

Bunƙasa

An buɗe masana'anta a Østbirk a 1946. A 1952 kamfanin ya shiga Jamus ta Yamma, inda ake ta sake gina garuruwan da yaƙi ya rusa, sannan Amurka a 1975. A 2018 ya sayi kamfanonin Wasco da JET da Vitral domin ya ƙarfafa a ɓangaren manyan gine-gine.

Abin da ya fi cancantar a lura da shi shi ne mallakar kamfanin. A 1971 Rasmussen ya kafa gidauniyar Villum, wadda ke riƙe da mafi yawan hannun jarin uwar kamfanin, VKR Holding. Kaso mai tsoka na riba yana tafiya ga binciken kimiyya da ayyukan muhalli da na al'umma, kuma kamfanin bai wargaje a hannun magada ba, abin da ya sha cinye manyan kasuwancin iyali a wurare da dama.

Tagar rufi a Kano

Danmak ƙasa ce mai ƙarancin rana a lokacin hunturu, shi ya sa suke farautar haske. A Kano rana kan tsaya tsakar ka, kuma magina na dā sun san haka: kaurin bango da ƙananan tagogi na Gidan Makama da sorayen cikin birni duk don a tsare sanyi ne. Gilashi a saman ɗaki, in ba a yi masa inuwa ba, zafi zai tara da bazara, ƙurar hunturu kuma ta dushe shi.

Duk da haka bukatar tana nan. Rumfunan kasuwa da sito da masana'antun Sharaɗa da Bompai na bukatar haske da rana tsaka, musamman da yake wutar lantarki ba ta da tabbas. Abin da aka fi gani shi ne kwanon roba mai bari haske ya ratsa, ana saka shi jefi-jefi tsakanin kwanon rufi. Yana da araha, sai dai ba ya buɗuwa iska mai zafi ta fita, kuma rana kan gasa shi har ya tsage.