Zaɓen Manajan Fulogin a Vim da Neovim

Manajan fulogin manhaja ce da ke sauko da fulogin, wato ƙananan kayan ƙari na editan rubutu irin su Vim da Neovim, galibi daga GitHub, ta jera su inda edita zai gan su, ta kuma sabunta su.

Tun Vim 8, da ya fito a 2016, ana iya yi ba tare da manaja ba. Duk fulogin da aka ajiye a ~/.vim/pack/suna/start zai tashi tare da edita, wanda aka sa a opt kuwa sai an kira shi da :packadd. Sai dai sabuntawa da gina fihirisar taimako da :helptags duk suna wuyan mai kwamfuta. Ga mai fulogin uku ko huɗu, wannan ya wadatar.

vim-plug na Junegunn Choi fayil ɗaya ne da ake sawa a folda autoload, yana aiki a Vim da Neovim, kuma :PlugInstall kan sauko da fulogin da yawa a lokaci guda. Ba ya nemo abin da fulogin ya dogara da shi. Wanda ya sa fulogin telescope.nvim a jerinsa ya mance plenary.nvim, wanda telescope.nvim ya dogara da shi, zai gamu da saƙon kuskure. Wani manajan, packer.nvim, an daina kula da shi tun 2023, bai kamata a fara sabon tsari da shi ba.

Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne hanyar komawa baya. Fulogin da yawa ba su da tsayayyen bugu, sabuntawa kan ɗauko canjin ƙarshe ne kawai, ko da mai shi bai gama gwada shi ba. Manajan lazy.nvim, wanda Neovim kaɗai yake wa aiki, yana rubuta lambar kwamit, wato lambar da ke nuna ainihin canjin da aka sauko da shi, ta kowane fulogin a lazy-lock.json. Idan aka adana fayil ɗin a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayil, sabuntawa ta ɓata wani abu, sai a dawo da tsohon fayil ɗin a buga :Lazy restore. A vim-plug, :PlugSnapshot ne ke yin makamancin haka, amma sai an tuna an buga shi kafin a sabunta.

Jinkirta loda fulogin na rage lokacin tashin edita, amma yana da tarko: in an ɗaure fulogin da umarni ɗaya, sauran umarninsa ba za su samu ba sai an buga wancan. A fara auna lokacin tashin da --startuptime tukuna.

Wasu fulogin na bukatar kayan da ke wajen edita. telescope-fzf-native sai da make da kwamfailar C, wato kayan da ke gina manhaja daga rubutun C, kuma manajan ba zai girka su ba; in babu su, matakin gini ne zai faɗi.