Koya wa Yaro Zama a Fo

Koya wa yaro zama a fo shi ne horar da ƙaramin yaro ya daina sakin fitsari da kashi a jikinsa, ya riƙe har ya isa inda aka tanada, fo ne ko masai. Yana cikin manyan matakan raino, tare da tafiya da magana da yaye. Abu biyu ne ke haɗuwa a cikinsa: ƙwarin jiki, wanda ba a iya gaggauta shi, da sabo, wanda ke hannun mai raino.

Jariri ba shi da iko a kan mafitsararsa. Da ta cika, sai ta saki. Sai jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da mara sun yi ƙwari sannan yake gane abu na tafe, har ya iya matsewa na ɗan lokaci. Ga yawancin yara wannan na farawa tsakanin wata 18 zuwa 24. Uwa kan gane da kanta: kunzugu ya kai awa biyu a bushe, yaro ya tsaya cak tsakiyar wasa fuska a ɗaure, ko ya laɓe bayan ƙofa, ko ya zo yana jan wando yana cewa "kashi".

Bambancin al'adu

Babu shekara ɗaya da duniya ta tsaya a kai. A 1977, masu bincike Marten da Rachel deVries sun bayyana yadda matan ƙabilar Digo da ke gaɓar tekun Kenya ke fara horon tun jariri yana da mako biyu zuwa uku, kuma wajen wata biyar ko shida yawanci ya daina ɓata jiki. A Biyetnam uwaye kan yi fito mai laushi idan jariri zai yi fitsari, har ya haɗa sautin da sakin mara. A Sin an daɗe ana sa wa yara wando mai tsage a tsakiya domin su tsuguna ba sai an tuɓe ba.

Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Uwar da ke goyo wuni guda ta san mutsu-mutsun da ke zuwa kafin fitsari. Takan sauke yaron, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kansu tana tallafe da shi, tana yi masa "sss" har ya yi. Amma a lura, a wannan matakin uwa ce ke karanta ɗanta, ba shi ke riƙewa ba. Hikima ce babba, tana rage wanki da ƙurajen kunzugu, sai dai ba ta zama hujjar tsawata wa ɗan wata takwas don ya jiƙa zane.

Amurka ta bi wata hanya. A farkon ƙarni na 20 ana umartar iyaye da su tsananta, su bi agogo tun yaro bai shekara ba. A 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers, a 1962 kuma likitan yara T. Berry Brazelton ya wallafa bincike a kan yara fiye da 1,000, inda ya ce a jira har yaro ya nuna ya shirya. Da kunzugun da ke shanye lema ya wadata, sai lokacin horon ya yi ta ja baya, har yau yara da yawa a can sai wajen shekara uku suke gamawa.

Yadda ake yi

Lokaci mafi dacewa na ɗora yaro a fo shi ne da tashi daga barci da kuma jim kaɗan bayan cin abinci, domin cikar ciki na motsa hanji. Minti uku zuwa biyar ya isa. Idan bai yi ba a ɗaga shi, kada fo ya zama wurin hukunci. Ƙafafunsa su taka ƙasa, gwiwoyi su ɗan fi ƙugu tsawo, don haka kashi ya fi saurin fita. Idan ya yi a yaba masa. Daga nan a koya masa tsarki da buta da hannun hagu, a wanke hannu da sabulu. 'Ya mace ana wanke ta daga gaba zuwa baya, don kada ƙwayoyin cuta su shiga hanyar fitsari.

Duka da tsawa su ne suka fi ɓata wannan aiki. Yaron da aka daka saboda ya yi a wando ba riƙewa yake koya ba, ɓoyewa yake koya. Sai ya danne kashi, ya bushe ya yi tauri, fitarsa ta yi zafi, tsoro ya ƙaru, ya sake dannewa. Irin wannan taurin ciki kan matsa wa mafitsara har ya jawo ɗigar fitsari. Haka kuma yaron da ya riga ya iya yakan koma baya idan an yi masa ƙane, ko an kai shi yaye gidan kaka, ko ya yi ciwo. Wannan na wucewa.

Fitsarin kwance daban yake da horon rana. Kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan shekara 5 suna yi, akan gaje shi daga iyaye, kuma likitoci ba sa ɗaukarsa matsala kafin wannan shekarar. Tara yara su yi wa mai yi waƙar amalala zalunci ne, domin cikin barci abin ke faruwa. Ana kai yaro asibiti idan fitsari na yi masa zafi, ko akwai jini, ko yana yawan ƙishi da rama, ko ya dawo da fitsarin kwance bayan wata shida da dainawa.

Mutane da yawa na ganin kashin yaro ba ya cutarwa, shi ya sa ake watsa shi a juji ko kwata. Alhali yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki, har da shan inna inda cutar take. A juye fo a masai, a wanke shi da ruwa da sabulu nesa da randa da madafa. Inda masan rami ne mai faɗin baki, ba a barin ƙaramin yaro ya shiga shi kaɗai.